Na Canza Sitiyari, Fitilar Iyabag Ta Ƙi Mutuwa

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Toyota Corolla 2010, 'yar Amurka, wadda aka kawo mani ta Kwatano shekara biyu da sunka wuce. Rana ta cinye fatar sitiyarinta duk ta ɓare, shi ne satin da ya gabata na sa anka cire shi, anka ɗaura mani wani ƙarami mai ƙafa uku irin na motocin tsere. Tun ranar, wagga jar fitila mai hoton mutum da ƙwallo a gabansa ta ƙi mutuwa. Na cire kan batir ya kwana, da safe ta dawo. Mai wayarin da ya yi aikin ya ce ba komai ba ne, ko dai ya buɗe mita ya rufe ta da salatif, ko ya sa wani ɗan risisto ta mutu. Kusan kowane mako ina zuwa Birnin Kebbi, wani lokaci da iyali. Tsohon sitiyarin yana nan cikin but. Mi ya kamata in yi?

Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, yau ɗin nan ka fitar da tsohon sitiyarin nan daga but. In iyabag ɗin, wato jakar iskar da ke kumburowa ta tarbi direba a haɗari, yana jikinsa, to kana yawo da abu mai maganin fashewa a wurin da yake gararamba tsakanin jak da sufana, cikin zafin Sakkwato da kan haura digiri 40 a inuwa a watan Afrilu. Ka kai shi ɗaki, wuri busasshe, nesa da yara da wuta, ka ajiye shi fuskar da ke da tambarin Toyota tana kallon sama. In aka kife shi ya tashi, ƙarfen bayansa ne zai yi tsalle ya bi ta kan duk wanda ke kusa. Kada kuma ka sayar da shi, zan gaya maka dalili.

Fitilar nan ba ta lalace ba, gaskiya take faɗa maka. Duk lokacin da ka murɗa makulli, ƙaramin birenbos na iyabag, wato 'yar kwamfutar da ke kula da shi, wanda yake daban da na inji kuma yana ƙasa a tsakiyar motar kusa da giya, yakan bi layukansa ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa: na direba, na fasinja, na bel biyu na gaba, da na gefe. Shi ya sa a lafiyayyar mota fitilar ke kamawa wajen daƙiƙa 6 sannan ta mutu. Yadda yake gwajin shi ne ya tura 'yar wuta kaɗan wadda ba ta isa ta tayar da komai ba, ya ga ko za ta haɗu da nauyin da ya saba, wato om 2 zuwa 3 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tauye wuta), nauyin 'yar wayar da ke kunna maganin cikin jakar. A motarka ya tura, ya tarar da layi a buɗe, ba kowa a ɗaya ƙarshen. Sai ya rubuta laifin a ƙwaƙwalwarsa ya bar fitila a kunne. In aka sa wa motar kwamfuta za a ga lamba B1801, wataƙila da B1811 a bayanta, domin jakar direba ta wannan Corolla mataki biyu ce, soket biyu ne a bayanta. Cire kan batir ba zai taɓa yin magani ba ko da wata guda ya yi a cire, tun da da zarar wuta ta dawo gwajin zai sake tarar da layin a buɗe.

Wani abu game da kwamfutar: ƙananan na'urorin nan masu arha da ake haɗawa da waya, yawancinsu inji kawai suke karantawa. Za su ce maka ba laifi alhali fitila na ci. Sai wadda ke shiga sashen SRS, wato sashen iyabag.

Batun salatif ba zan daɗe a kansa ba. Rufe tukunya ne da wuta na ci a ƙasa. Gobe in layin bel ko na fasinja ya tsinke, ba abin da zai sanar da kai. Ranar da ka sayar da motar kuma ka miƙa wa wani bawan Allah abin da bai sani ba, wannan algus ne. Na sha buɗe mitar motocin da aka sayo ana murna, in tarar da baƙin salatif ko fenti a bakin wannan fitila. Hanyar gane su mai sauƙi ce: ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, in fitilar iyabag ba ta kama tare da 'yan uwanta ba, an taɓa ta.

Risisto kuwa, wato ɗan ƙaramin kayan lantarkin nan mai tauye wuta, yana buƙatar bayani, don ba ƙarya mai wayarin ya yi maka ba. In aka sa risisto na wajen om 2 a kowane ɗaya daga soket biyun nan, birenbos zai ji nauyin da yake nema, ya ɗauka jakar na nan, fitila ta mutu. Mu ma muna amfani da shi a gareji, amma don bincike: a cire jakar, a sa shi a madadinta, a ga ko laifin daga jakar yake ko daga waya. Kuma yana da wani amfani na gaske da ba zan ɓoye ba. Motoci sun bambanta a abin da suke yi in fitilar na kunne. Wasu layin da ya lalace kaɗai suke barin aiki, wasu kuma ba za ka iya dogara da sauran ba. Littafin mota da kansa cewa yake in fitilar ta tsaya a kunne jakunkuna na iya ƙin tashi a haɗari. Don haka ga wanda ya dage sai ya bar ƙaramin sitiyari, risisto ya fi salatif nesa ba kusa ba, tun da fitilar za ta koma aikinta na gadin sauran layukan, wanda ke zaune a gefenka ma ya samu kariyarsa. Masu motocin tsere haka suke yi. Sai dai su suna da hular kwano, da bel mai madauri huɗu zuwa shida da ke manne su da kujera, da ƙarfen da aka gina cikin motar. Kai kana da hula zanna da bel ɗin kamfani.

Wannan bel ɗin shi ne abin da mutane ba su sani ba, kuma shi ya sa ba na ba da shawarar risisto ga motar hanya. Bel ɗin gaba na motarka abu biyu yake yi a haɗari. Da farko yakan fizgo ka ya manne da kujera cikin ƙiftawar ido. Sannan in nauyin jikinka ya yi masa yawa, da gangan yake ɗan saki, don kada ya karya maka haƙarƙari da ƙashin ƙirji. Injiniyoyin da suka tsara shi sun yarda ya saki ne saboda sun san akwai jakar iska a gaba da za ta tarbi kanka da ƙirjinka, wadda ke cika cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa. An auna su ne tare, kamar turmi da taɓarya. Yanzu ka cire ɗaya. Bel zai saki kamar yadda aka koya masa, ya miƙa fuskarka ga ƙarfe mai ƙafa uku da kawunan kusoshi shida a tsakiya. Shi ma sitiyarin kamfani an yi shi ne ya lanƙwashe ya sha wani ɓangare na bugun. Na kasuwar nan da ake buga wa sunan Momo ko Sparco, mafi yawansu jabu ne, na ga wanda hannu kawai ya lanƙwasa, na ga kuma ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙarƙashinsu wanda haƙoransa ba su kama sandar sitiyari da kyau ba.

Ka tuna hanyar da kake bi. Daga Bodinga zuwa Shagari, Tambuwal, Aliero har Jega, hanya ce ta gaba da gaba, ga manyan motoci, ga shanu da raƙuma masu tsallakawa ba sallama, ga hazon hunturu da kan rufe gaba. A gudun kilomita 100 motarka na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Irin wannan karo na gaba shi ne ainihin abin da aka yi jakar direba dominsa, shi ya sa Amurka ta wajabta ta a kowace ƙaramar mota tun ƙirar 1998. Allah ne mai tsarewa, amma ka sayi motar da kayan tsaronta a jiki, ka biya kuɗinsu.

Shawarata ita ce ka mayar da sitiyarin asali. Matsalarka ta farko fata ce da rana ta ci, kuma wannan aikin baduku ne. A garin da fatarsa ta yi suna har Turai ta hanyar fataken Maroko, ba za a rasa wanda zai naɗe maka da'irar sitiyari da jar fata ya ɗinke ta da kyau ba. Sharaɗi ɗaya ne: da'irar kaɗai za a naɗe. Murfin tsakiya ba a sa masa fata, ko gam, ko sitika, ko ƙarfen ado, domin akwai siririn tsagi a bayansa inda yake yagewa jakar ta fito, kuma duk abin da aka liƙa a kai zai zama harsashi. In kuma ƙashin sitiyarin ne ya lalace, ka nemi na Beljiyam na irin motarka, ko na Corolla S na wannan zubi wanda yake zuwa da fata, ka mayar da jakarka ta asali a kai.

Wurin mayarwar ne ake ɓarna, don haka ka tsaya a kan aikin. A daidaita tayoyin gaba su miƙe. A kashe mota, a cire kan batir na nagetif, a jira aƙalla daƙiƙa 90, haka Toyota ta ce. Honda ma minti 3 take cewa. Dalili shi ne birenbos ɗin yana da ma'ajin wuta a cikinsa don ya iya tayar da jaka ko da batir ya fashe a haɗari. In ka ga mai wayarin ya ɗauko mitar awon wuta ko fitilar gwaji zai taɓa soket ɗin jakar, ka riƙe hannunsa. Wutar da ke cikin mita na iya tayar da ita a fuskarsa. Duk waya mai rawaya a motar nan ta iyabag ce, ba a yankawa, ba a murɗa ta da hannu a naɗe da salatif.

Abin da nake tsoro a motarka shi ne kulok-sifirin, wato faifan nan baƙi da ke bayan sitiyari, mai siririyar waya kamar ribon a naɗe a ciki. Ta nan wutar iyabag da hon da maɓallan rediyo ke bi, tana warwarewa tana naɗewa yayin da kake juyawa. Zagaye biyar kacal take da shi, biyu da rabi kowane gefe. Masu ɗaura ƙaramin sitiyari sukan cire shi su jefar, ko su bar shi yana juyawa yadda ya ga dama, ko ƙarfen da suka sa ya danne shi ya tsinka. Ka tambayi mai wayarin ina yake. In yana nan, a juya shi a hankali zuwa hagu har ya yi tauri, a dawo da shi zagaye biyu da rabi, alamominsa su haɗu, sannan a sa sitiyari. In aka sa shi a karkace, ranar da ka yi cikakkiyar kwana a shataletale zai tsinke, hon ya mutu, fitila ta dawo. A jikin kulok-sifirin kuma na'urar da ke auna juyin sitiyari take, wadda tsarin hana santsi, wato VSC, ke aiki da ita, don haka in ka ga fitilar VSC ta biyo baya, daga nan ne. Babban notin tsakiya ana ɗaure shi a 50 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), da sufana mai awo. Jakar kuma kusoshi biyu masu kan tauraro ke riƙe ta daga gefe.

Bayan an haɗa komai, wanda zai mayar da kan batir ya tabbata ba kowa a kujerar direba. A murɗa makulli daga gefe. Fitila ta kama, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi, a sa kwamfuta a goge tsohuwar lamba, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau biyu ana kallon mita. In ta dawo yayin juyawa, kulok-sifirin ne, a sayi wani. Na kamfani ko na Beljiyam mai kyau ya fi sabo mai arha, don masu arhar kan ba da nauyin da bai daidaita ba, fitila ta riƙa zuwa tana tafiya.

Dalilin da na ce kada ka sayar da tsohuwar jakarka shi ne ita kaɗai ka san tarihinta. A kasuwa akwai murfin da ba komai a cikinsa sai tsumma da risisto, akwai wanda ya sha ruwan ambaliya a ƙasar da aka fito da shi, kuma ba ka da hanyar gwadawa sai ranar da ake buƙata.

Tun da za a taɓa motar, ka duba wani abu guda. Corolla ta Amurka ta waɗannan shekaru tana cikin motocin da aka yi wa kiranye, wato kamfani ya ce a mayar da su a gyara, saboda jakar fasinja ta kamfanin Takata, wanda ya durƙushe a 2017 bayan an gano maganin cikinta na lalacewa da zafi da laima har ya tarwatsa ƙarfensa. Motoci da yawa sun baro Amurka kafin a canza musu. Ka kwafi lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka sa ta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, kyauta ne, nan take zai nuna maka ko an yi wa taka gyaran. In ba a yi ba, uwargida ta koma kujerar baya tukuna har a samu wadda aka tabbatar da ita.