Zauren Malamin Gona: Na yi feshi sau uku, tsutsa ba ta mutu ba

Saƙonnin wannan wata kusan rabinsu a kan masara suke, don haka da ita zan fara, kuma zan ɗan daɗe a kanta. Waɗanda suka yi tambaya kan tumatirin rani su yi haƙuri sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bana na shuka masara kadada ɗaya, ta fito gwanin sha'awa. Tana kaiwa gwiwa sai na ga ganyen ya fara hujewa, wani ya yage kamar awaki sun shiga. Na yi feshi sau uku cikin kwana 20, amma tsutsar tana nan daram. Mai shagon magani ya ce in ninka awo, in kuma haɗa kala biyu a tanki ɗaya. Har kuɗin takin da zan zuba na biyu na fara taɓawa. Mene ne abin yi?
Daga wani manomi a ƙasar Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam. Sannu Alhaji, Allah ya kawo sauƙi. Kada ka ninka awo, kada ka haɗa magani biyu, kuma don Allah ka bar kuɗin takin nan a inda yake. Zan gaya maka dalili.

Wannan tsutsa, wadda a Turance ake kira fall armyworm, baƙuwa ce. Asalinta daga nahiyar Amurka take, kuma a farkon 2016 aka fara tabbatar da ganinta a Afirka, Najeriya na cikin ƙasashen farko. Shi ya sa iyayenmu ba su bar mana labarinta ba. Gobe da safe ka shiga gonar, ka buɗe tsakiyar kan masara ɗaya, wato inda sabon ganye yake fitowa a naɗe kamar mazurari. Za ka tarar da kashi mai laima, kamar garin katako na wajen kafinta. Ka tona shi da tsinke, tsutsar tana ƙarƙashi. Ɗora ta a tafin hannunka ka duba da kyau: a goshinta akwai farin zane mai rassa biyu, kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar kusurwoyin ɗaki. In ka ga haka, ita ce. Da wuya ka sami manya fiye da ɗaya ko biyu a kai ɗaya, domin in sun girma cinye junansu suke yi.

Ka ga inda matsalar take. Da rana tana can cikin bututun, ta toshe ƙofa da kashinta. Mai feshi ya zo da hantsi, yana tafiya yana kaɗa sanda a sama kamar mai feshin ciyawa. Maganin ya sauka a bayan ganye, rana ta busar da shi, ko ɗigo bai kai gare ta ba. Na ga haka ya fi a ƙirga. A daminar 2017 ni ma abin ya same ni a gonata ta wajen Bunkure. Na biya kuɗin feshi sau biyu ban tsaya a kai ba, sai da na je da kaina bayan la'asar na buɗe kawuna goma, na tarar da rayayyar tsutsa a bakwai. Maganin bai yi laifi ba a wannan karon, hanyar zuba shi ce ba daidai ba.

Uwar tsutsar wani malam-buɗe-littafi ne mai launin toka da yake yawo da dare. Takan yi ƙwai a dunƙule a jikin ganye, 100 zuwa 200 a wuri guda, ta lulluɓe su da wani abu kamar auduga. Kwana biyu zuwa uku sun ƙyanƙyashe. 'Ya'yan ba sa iya huda ganye tukuna, kankare shi suke yi, sai ka ga tabo fari-fari da haske ke ratsawa. Wannan ne lokacin da magani yake cin su da sauƙi, kuma shi ne lokacin da yawancinmu ba ma cikin gona, muna jiran sai ganye ya yage. Bayan kamar mako biyu zuwa uku tsutsar ta ƙoshi, ta sauka cikin ƙasa, ta sake fitowa da fukafukai. Cikin wata guda an zagayo, shi ya sa wanda ya yi shukar baya ya fi shan wuya, duk na gonakin maƙwabta a kansa suke tarewa.

Ga abin da nake so ka yi. Sau biyu a mako ka ratsa gonar a karkace, ka tsaya wuri biyar nesa da juna, ban da bakin gona. A kowane wuri ka duba masara goma. In masarar ba ta wuce gwiwa ba, kuma goma cikin hamsin ɗin suna da sabuwar ɓarna, a yi magani. In ta doshi ƙugu, sai abin ya kai ashirin cikin hamsin. Ka lura na ce sabuwar ɓarna. Tsohon yagaggen ganye ba ya ɗinkewa, kuma mutane da yawa suna sake sayen magani saboda ramin da tsutsar da ta riga ta mutu ta bari. Duk ƙwan da ka gani a hanya ka murje shi da yatsa.

In feshin ya zama dole, a yi shi bayan sallar asuba ko dab da magariba. A matse bakin famfon ya riƙa fitar da ruwa siriri, a bi kunya-kunya, a saka cikin bututun kowace masara. Aikin yana cin lokaci, kuma masu feshin haya ba sa so, sai ka ƙara musu wani abu ka kuma tsaya a kansu. A yi amfani da ruwa mai tsabta, ban da na kududdufi mai laka. Ka duba ranar lalacewar maganin da lambar NAFDAC. Irin magungunan da muka saba fesa wa wake sau da yawa ba sa kashe babbar tsutsar nan. Masu sinadarin emamektin sun fi tasiri, amma su ma kada a maimaita su kaɗai duk damina, domin tsutsar tana sabawa da magani. Malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, da ke yankinku zai nuna maka wanda za ka canza da shi.

Wanda gonarsa ƙarama ce yana da wata hanyar. Toka da aka tankaɗe a gauraya da yashi mai laushi, a ɗiba da yatsu uku a zuba cikin kowane bututu. Ko 'ya'yan darbejiya, a ɓare, a daka, a jiƙa kamar giram 50 a kowace lita ta ruwa, ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu. Waɗannan sun fi aiki a kan ƙanana. Kuma akwai masu taya ka aiki kyauta: na taɓa tsayawa ina kallon zanzaro ya shiga kan masara ya fito riƙe da tsutsa, ya tashi da ita zuwa ɗakinsa na laka. Cinnaka da gizo-gizo ma suna ci. Feshin da aka ninka su yake fara kashewa.

Batun taki kuwa, masarar da ta ƙoshi tana iya murmurewa daga yagewar ganye ta yi goyo mai kyau, muddin ba a cinye mata zuciya ba. Wadda aka hana wa yuriya ba ta da wannan ƙarfin. Ka zuba takinka a kan kari.

Abu na ƙarshe yana damuna ƙwarai. Yaran da suke mana feshi suna shiga da singileti, ba takalmi, ba abin rufe hanci. In bakin famfo ya toshe sai su sa baki su hura. Na taɓa ɗaukar wani a babur zuwa asibiti yana amai, idonsa jawur. Allah ya sa da sauran kwana. Ɗan wani ne, Alhaji. Ka saya masa takunkumi da safar hannu, ka ajiye masa sabulu da ruwa a bakin gona, kwalbar da ta ƙare kuma a huda ta, kada ta koma gida a zuba mai ko ruwan sha.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona, gero da dawa muke yi tun tasowata. Yanzu wuta-wuta ta cinye ta, inda muke samun dami 40 bara 12 muka ɗaure. Wasu na cewa jifa aka yi mana, yayana kuma ya ce a sayar. Tana gyaruwa?
Daga wani matashi a ƙasar Gumel.

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ɗana, gonarku tana gyaruwa, kuma ba wanda ya jefe ku. Yunwa ce take damun ƙasar.

Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ba ta iya rayuwa ita kaɗai. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya yana zubar da dubun dubata, kuma suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Ba sa tsirowa sai sun ji wani ruwa da saiwar gero ko dawa ko masara take fitarwa. Da sun ji, sai su tsiro su manne a jikin saiwar suna tsotsa. Ka tuge tushen gero ɗaya da ya tsumbure, ka wanke saiwar a kwano, za ka ga fararen ƙulle-ƙulle manne da ita. Makonni suke yi a haka kafin su leƙo sama. Ranar da ka ga jan furen nan mai kyau, an riga an yi maka yawancin ɓarnar. Shekara da shekaru kuna ba ta gero da dawa, kuna barinta ta zubar da iri, ga taki ya yi ƙaranci. Abin da ya faru ke nan.

Ku raba gonar biyu. Rabi a bana a yi gyaɗa ko wake zalla, baɗi a juya. Saiwarsu tana ruɗin irin wuta-wutar gero ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu, sannan suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. A kudancin Kano waken suya ne ya fi yin wannan aiki, amma ruwanku na Gumel bai cika isarsa ba. Riɗi ma ba ta kama shi, ga kasuwar Maigatari kusa da ku. Sai dai ka sani wake yana da tasa wuta-wutar daban, don haka ka nemi iri mai jure mata, irin SAMPEA 10 wanda cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar tare da IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa.

A rabin da aka yi gero, ku kai duk takin dabbobin da kuka samu, ko da a gindin shuka kawai za a sa. In makiyaya za su kwana muku a gona da rani, ku karɓe su hannu biyu. Sannan aikin da ba wanda yake so: da ta leƙo, a tuge ta kafin ta yi fure, a fitar da ita daga gonar a ƙone. In aka yar a kunya bayan ta yi fure, irin zai ƙarasa nuna a nan. Ba zan ruɗe ka ba, damina ɗaya ba ta isa. Ka roƙi yayanka ya ba ka damina uku kafin a sake maganar sayarwa, ka kuma riƙa rubuta yawan damin kowace shekara ka nuna masa.

TAMBAYA: Malam, ina sayen wake da kaka in ajiye zuwa bazara, da ribar nake yi wa 'yata kayan ɗaki. Bara buhu biyu suka huje. Maƙwabciyata ta ce in yayyafa fiya-fiya. Ya halatta?
Daga wata uwa a Ringim.

AMSA: Hajiya, kada ki yi. Guba ce, ba a yi ta don abinci ba, kuma waken nan cikin tukunyar wani zai ƙare, wataƙila ma taki. Saboda irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Ƙwaron tun daga gona yake biyo waken, ƙwansa na jiki kina saye ba ki gani ba. Amma yana buƙatar iska kamar kowa. Ki nemi buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan noma, har a Dawanau. Ki shanya waken ya bushe sosai, in kin ciza ya ce ƙas. Ki tsince tsinke da tsakuwa don kada su huda ledar. Kafin ki zuba, ki cika kowace leda da iska ki matse, ki ji ko tana fita ta wani wuri. Ki zuba, ki matse iskar da ta rage, ki murɗe bakin leda ta farko ki lanƙwasa ki ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun. Jarka mai murfi mai kyau ma tana yi, in an cika ta har wuya.

Ki ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango saboda ɓera, kuma ki hana yara ɗiba. Na girkin gida ki ware shi tun farko a wani mazubi, na kayan ɗakin kuwa kada a kwance shi sai ranar da mai saye ya zo.