Asinik a ruwan bohol ɗin iyayena, wane gwaji za mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Aboabo nan Kumasi amma iyayena suna Obuasi, mun haɗa kuɗi mun haƙa musu bohol, sai wani ya zo da ɗan akwatin gwaji, takardar ta koma ruwan ɗorawa ya ce akwai asinik, wani sinadari mai guba, a ruwan. Yayana kuma ya ce wai asinik ɗin kala-kala ne sai an kai lab. Don Allah haka ne? In mun tafasa zai fita?
Wata 'yar'uwa daga Aboabo

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri kan hidimar iyaye. Tafasawa dai ki cire ta a lissafi, ruwan ne ke tafiya a tururi asinik ɗin ya zauna har ma ya ƙara yawa a abin da ya rage, kuma ba shi da wari ba shi da ɗanɗano, ruwa garau zai iya ɗauke da shi. Ƙasar Obuasi kuwa dutsen da zinariyarta ke ciki asinik ne a jikinsa, shi ya sa abin ya tayar min da hankali.

Yayanki ya yi gaskiya. A ruwan ƙasa iri biyu aka fi samu, asinayit da asinet. Asinayit ya fi guba, ya fi yawa a ruwan can ƙasa inda iska ba ta kaiwa, kuma ya fi wuyar cirewa don matatu da yawa ba sa kama shi sai an fara zuba kulorin ya koma asinet tukuna, sannan alif ko gishirin ƙarfe su kwantar da shi. Kin ga sanin irin asinik ɗin ne zai faɗa muku matatar da za ku saya.

Akwatin nan da aka gwada muku, tutiya da asid ne ke mayar da asinik ɗin iska ta rina takardar, jimilla kawai yake nunawa kuma da ido ake kintace. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa tun 1993 mikrogiram 10 ne a lita ɗaya, to ido ba ya rabe 8 da 15 a kan takarda gaskiya.

A lab akwai na'urar AAS, su auna asinayit shi kaɗai, sai su mayar da duka asinayit su sake aunawa, bambancin shi ne asinet. Wadda ta fi ita ce na'urar HPLC haɗe da na'urar ICP-MS, ta farko ta rarrabe su ɗaya bayan ɗaya ta biyu ta ƙirga kowanne, amma akwai tsada kuma ba kowane lab ke da ita ba. Ki tambaya a jami'ar KNUST nan Kumasi tunda kina kusa, ko cibiyar binciken ruwa ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, a Accra, ki ce musu ƙarara rabe-raben kike so ba jimilla kaɗai ba.

Inda mutane ke asarar kuɗinsu shi ne wajen ɗibar ruwan. In kin cika robar lemo kin sa a mota cikin rana, kafin ta iso Kumasi asinayit ya fara komawa asinet, sakamakon ya fito ba daidai ba. Ki fara zuwa lab su ba ki kwalbarsu mai magani a ciki, a bar famfon ya zuba na wasu mintuna, a cika taf a rufe, a sa cikin kula mai ƙanƙara, a kai ranar. Kafin sakamako ya fito su Baba su daina sha da girki da shi, wanki da wanka ba laifi.