Birki ne, ba makashin wuta ba

Jiya ka shigo da fuska a murtuke, wai ka zuba wani mikro-RNA mai suna miR-146a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, ka auna furotin TRAF6, ka tarar ya ɗan ragu ne kawai, bai ɓace ba. Kana tambaya, "Malam, ko gwajin ne ya lalace?" Bai lalace ba, ɗana. Aikin nasa ke nan ka gani.

Ƙwayar gado takan tura saƙo, wato RNA ɗan aike, zuwa inda ake ƙera furotin. Shi kuwa mikro-RNA ɗan guntun RNA ne, haruffa wajen 22. Furotin uku ne ke shirya shi: Drosha ya fara yanka, Dicer ya ƙarasa, Argonaute ya goya shi. Haruffansa na 2 zuwa na 8 ne ke laluben wutsiyar saƙon. In sun dace ya manne, karatun saƙon ya ja baya, rushewarsa ta matso. Dacewar haruffa bakwai ba abin wuya ba ce, shi ya sa guda ɗaya kan taɓa ɗaruruwan saƙonni, ya ɗan tsakuri kowanne.

To, dubi naka. Ƙwayar makrofej, ɗaya daga ƙwayoyin garkuwar jiki, ta shinshino bakteriya, NF-κB, furotin mai kunna ƙwayoyin gado, ya farka, ya hura wutar kumburi. Shi ɗin dai, da hannunsa, yake sa a ƙera miR-146a, wanda zai juyo ya rage TRAF6 da IRAK1, furotin biyun da suka kai wa NF-κB ƙarar tun farko. Ɗakin binciken David Baltimore ne ya nuna haka a 2006. Da miR-146a zai share su ƙarƙaf, ai ƙwayar ta kurmance, gobe cuta ta shigo ba mai ji. Sassauta murya ake nema. Kuma kada ka raina wannan ɗan ragin. Ɓerayen da aka cire wa miR-146a lafiya lau ake haihuwarsu, sai an kwana biyu saifa ta kumbura, garkuwar ta koma cin jikin mai ita.

Ɗan'uwansa miR-155 shi zuga yake yi, don yana danne SHIP1 da SOCS1, furotin biyu masu kwantar da tarzoma. Ɓeran da ba shi da shi ba ya iya haɗa ƙwayoyin kariya na kirki ko an yi masa rigakafi. Ni abin da ke ba ni dariya, duk wannan daga wata 'yar tsutsa aka faro, inda aka gano mikro-RNA na farko a 1993, sai a 2024 Victor Ambros da Gary Ruvkun suka karɓi kyautar Nobel a kai.

Gobe da safe ka ɗauko wutsiyar saƙon TRAF6, ka liƙa ta a bayan ƙwayar gadon lusifares, furotin mai ba da haske. Kashi ɗaya ka bar shi yadda yake, ɗayan ka sauya masa haruffan da ake mannewa. Ka zuba miR-146a cikin kowanne: in hasken na farko ya dushe, na biyu bai motsa ba, ka kama shi dumu-dumu. Ka maimaita sau uku kafin ka kawo mini.