Fitila a Tsakiyar Tarago

Tambaya: Malam, barka da aiki. An koya mana a aji cewa abu biyu kan faru lokaci ɗaya a wurin wani, amma a wurin wani kuma ɗaya ya riga ɗaya. Ko irin walƙiya da tsawa ake nufi, da ake ganin haske kafin a ji ƙara? Daga wata ɗaliba a Kubwa, Abuja.

Amsa: 'Yata, na ji daɗi da kika kawo tsawa, don a nan ɗalibaina suka fi yin tuntuɓe. Tsawa labari ne da ya makara a hanya. A cire lokacin tafiyarsa, lissafi ya daidaita. Abin da Albert Einstein ya gano a 1905, yana ƙaramin ma'aikaci a birnin Bern, ya wuce nan.

Ki ɗauka kin hau jirgin ƙasa daga Idu za ki Rigasa, kin zauna daidai tsakiyar tarago, kika kunna fitila. Haske zai taɓa ƙofar gaba da ta baya tare, tunda tazararsu ɗaya. Yayanki kuwa yana tsaye a gefen dogo, jirgin na wuce shi. A wurinsa ƙofar baya tahowa take tana tarar hasken, ta gaba tana guje masa. Ta baya ce ta fara haskakuwa.

Da lemo biyu kika jefa gaba da baya, da a lissafinmu na yau da kullum babu gardama, domin gudun jirgi zai ƙara wa na gaba sauri, ya rage wa na baya. Haske ba ya karɓar ƙari ko ragi. Ke da yayanki, kowa ya auna, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa zai samu. Nan gizo ke saƙar. Babu wanda idonsa ya ruɗe shi a cikinku. "Yanzu" ɗinki ce dabam da tasa.

Shekara da shekaru ina koyar da wannan, har yau tsigar jikina kan tashi.

Ba ma lura da wannan saɓani ne saboda ƙanƙantarsa. A ce tazarar ƙofofin biyu mita 200 ce, jirgin yana gudun kilomita 100 a awa, saɓanin kusan kashi 6 cikin tiriliyan 100 na daƙiƙa ne kawai.

Kada ki tafi da tunanin komai na iya juyewa. Abin da ya haddasa wani abu yana gabansa a wurin kowa: yayanki ma zai shaida sai da kika kunna fitilar kafin kowace ƙofa ta haskaka.