Tambaya da Amsa: Shin Agogon Kabon Ba Ya Karcewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kwangilar gini ne a Jos, kuma kusan kullum a tsakanin duwatsu da tsakuwa nake wuni. Agogon hannuna na ƙarfe ne mai baƙin shafe, amma cikin wata shida duk ya cika da fararen layuka. Da na je Abuja, wani mai shago ya nuna mini wani marar nauyi, ya ce gidansa na kabon ne, wai ba ya karcewa kuma ba ya fashewa. Kafin in zuba kuɗina, ina so in ji gaskiyar maganar.

Daga wani mai karatu, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mai shagon ya faɗi wani yanki na gaskiya, sauran kuma ya yi maka zaƙin bakin 'yan kasuwa. Agogon kabon yana karcewa, sai dai karcen ba ya fitowa fili kamar yadda ya fito a wanda kake ɗaurawa yanzu.

Abin da ake kira gidan kabon haɗi ne na abu biyu: zaren kabon, wanda ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, da wani irin ƙaro na roba da ake jiƙa zaren da shi, a matse a cikin zafi har ya sandare. Zaren ne ke ba da ƙarfi, ƙaron kuma shi ke riƙe shi wuri guda. Kamfanoni sun bambanta wajen haɗin. Audemars Piguet na ƙasar Suwizalan ya fito da nasa a 2007, inda ake cusa gutsattsarin zare a cikin mazubi a danne. Richard Mille, tun 2013, yana jera siraran shimfiɗu ɗaruruwa, kowace a juya ta da digiri 45 a kan ta ƙasanta, shi ya sa gefen agogon ke da zane kamar na katako. Panerai ya biyo baya da nasa haɗin mai suna Carbotech a 2015, sannan Casio na Japan ya shigar da haɗin kabon cikin agogonsa na G-Shock da sunan Carbon Core Guard a 2019, wanda shi ne aljihun yawancinmu zai iya kaiwa.

To, ƙarfi daban, tauri daban, kuma a nan ne ake rikita masu saye. Ƙarfi shi ne jure ja da lanƙwasa da bugu, kuma a wannan fanni kabon gwani ne idan aka yi la'akari da rashin nauyinsa, domin ƙarfen agogo da ba ya tsatsa ya ninka shi nauyi kusan sau biyar, titaniyom kuma, wani ƙarfe marar nauyi da ake yin agogo da shi, kusan sau uku. Tauri kuwa shi ne hana wani abu ya yi wa fuskarsa layi, kuma abin da dutse ke fara taɓawa a jikin agogon shi ne ƙaron nan, wanda bai kai ƙarfe tauri ba. A ma'aunin tauri na Mohs, mai hawa 10, dutsen daimon ne a ƙoli, gilashin safaya na agogo masu tsada yana kan 9, ma'adinin kwaz da ke cikin yashi yana kan 7, kuma ƙarfen agogo da ƙaron duk suna ƙasa da wannan. Duwatsun da suka kewaye Jos, irin na tsaunukan Shere, cike suke da kwaz, haka ma ƙurar hunturu tana ɗauke da shi. Ka ga ke nan wurin aikinka ya fi ƙarfin kowanne daga cikinsu.

Me ya sa masu agogon kabon ke rantsuwa nasu bai taɓa karcewa ba? Saboda baƙin naka shafe ne siriri a kan farin ƙarfe, da zarar dutse ya kankare shi sai farin ya bayyana. Kabon kuwa baƙi ne ciki da waje, fuskarsa ba ta sheƙi, ga zane a jikinta, don haka ƙaramin layi ɓacewa yake yi a cikin zanen. A ganina wannan fa'ida ce ta gaske, kuma ga mai aiki irin naka ba ƙarama ba ce. Ƙari a kan haka ba ya tsatsa da gumi, kuma da asubar hunturun Jos ba zai yi maka sanyin ƙarfe a wuyan hannu ba.

Inda matsalar take shi ne babban bugu. Ƙarfe idan ya daki dutse lotsawa yake yi, mai gyara ya goge shi ya dawo da kyansa. Kabon ba ya lotsawa. Ko dai ya jure, ko gefensa ya ɓalgace, wani lokaci shimfiɗun su ɗan rabu, musamman a ƙahonnin da ke riƙe maɗauri. Ba a goge shi kamar ƙarfe, ba a yi masa walda, don haka maganin babbar ɓarna sai sauya gidan gaba ɗaya, kuma wannan ba aikin da mai gyaran agogo na bakin kasuwar Terminus ta Jos zai yi maka ba ne, dole kayan su zo daga kamfanin.

Idan abin da ya dame ka shi ne layuka kaɗai, agogon seramik ya fi duka tauri, amma shi kamar tangaran yake, faɗuwa ɗaya a kan siminti na iya tsaga shi, saboda haka ba zan ba ɗan kwangila shawarar sa ba. Kabon ya fi dacewa da kai, da sharaɗin ka duba gilashinsa, domin sau da yawa gilashi ne ke fara lalacewa; ka nemi mai safaya, ko wanda gefensa ya ɗara gilashin tudu. Ka kuma tabbatar cewa ba zanen kabon aka manna a kan roba ba, abin da ya yi yawa a masu arha: na manne, zanen yana tsayawa a fuska kawai, na gaske kuwa za ka ga zaren har a gefe da cikin ƙahonni. In ka saya, kada ka share ƙura da busasshen ƙyalle, domin kana goga yashin ne a jikinsa. Ka ɗauraye shi da ruwa tukuna idan an rubuta cewa yana jure ruwa. Turare da fetur da tina ka nisanta su da shi, saboda suna iya dusashe fuskar ƙaron.