Amsa ga mai son haɗa wa 'yarsa tebur mai murfin da ke saukowa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka: kana so ka haɗa wa 'yarka mai shekara 7 irin teburin nan da gabansa ke buɗewa ya sauko ya zama wurin rubutu, in ta gama ta mayar ta rufe littattafanta a ciki, kuma kana neman shawara kan katako da awo. Allah ya raya ta. Na daɗe ina haɗa irin waɗannan teburan, kuma shawarata ita ce ka rage damuwa da akwatin. Duk wanda ya iya riƙe zarto zai haɗa akwati. Aikin gaba ɗaya yana wajen murfin: me zai tallafe shi in ya buɗe, da kuma me zai hana teburin kifowa in yarinya ta jingina a kansa.

Bari mu fara kawar da maganar awo. Kada ka ɗauki tsayi daga hoto. Zaunar da ita a kan kujerar da za ta riƙa amfani da ita, tafin ƙafarta ya taka ƙasa sosai, ta saki kafaɗa ta lanƙwasa gwiwar hannu. Auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannun, ka ƙara santimita biyu ko uku, to a nan murfin zai kwanta. Ga mai shekarunta abin yakan faɗa tsakanin santimita 55 zuwa 60, alhali teburin babba yana kusan 75. Yara a wannan shekarun suna ƙara tsawon santimita 5 zuwa 6 duk shekara, don haka ni ba na haɗe akwatin da ƙafafun su zama abu ɗaya. Ina yin akwatin daban, ƙafafun daban, in ɗaure su da noti. Bayan shekara biyu ko uku sai a kwance ƙafafun a sa masu tsayi, akwatin yana nan yadda yake. Kuma ka bar ƙasan a buɗe, kar ka cika shi da durowa, domin gwiwoyinta su samu wurin shiga.

Faɗin akwatin santimita 75 ya isa. Katakan gefe guda biyu ka yanka su da tsayin 30, zurfin 32 daga ƙasa, 15 daga sama. Layin da ya haɗa su a karkace zai zo kusan 35, shi ne tsawon murfinka. Na fi son murfi mai karkata a kan wanda ke tsaye cak, saboda in an rufe shi nauyinsa ne ke riƙe shi. Mai tsayuwa cak kuwa dogaronsa ga sakata ko maganaɗisu, ran da abin ya saki sai ya faɗo a kan duk wanda ke gabansa.

Katako kuwa, filawud mai kaurin milimita 18 ka nema don jiki da murfi, na milimita 6 don baya. Wasu za su ce ka yi murfin da katako zalla don ya fi kyau. Gaskiya ya fi kyau, amma katako yana kumbura yana ƙanƙancewa ta faɗinsa gwargwadon danshin iska, kuma falle ɗaya mai faɗin 35 da babu abin da ke riƙe shi sai hinji a gefe ɗaya yakan banƙare, ka ga kusurwa ɗaya ta ƙi zama. In ka nace sai zalla, to ya zama busasshe sosai, kuma ka haɗa siraran falle uku ko huɗu da gam maimakon babba ɗaya, sannan ka ɗaure bakunansa biyu da sanduna a gicciye. MDF kam, wato allon da ake matsewa daga garin katako da gam, ba na ba da shawararsa a nan: bakinsa ba ya riƙe sukuru, kuma ruwa kaɗan ya zube masa sai ya kumbura. Murfin da za a buɗe a rufe kullum ba wurinsa ba ne.

To mu zo kan murfin. Falle ɗaya na filawud mai wannan girman yana kaiwa kusan kilo 3. A hannunka ba komai ba ne, amma ka tuna a daidai fuskarta da yatsunta yake saukowa. Sannan in ya buɗe, ba nauyin littafi kaɗai zai ɗauka ba. Za ta ɗora gwiwoyin hannu, za ta kwantar da ƙirji a kai tana zane, wata rana ƙaninta zai rataya a bakinsa. Hinji shi kaɗai ba zai iya wannan ba, sukurorinsa ne za su tsige su fito da naman katakon.

Hanyoyin tallafa shi uku ne da na sani. Sarƙa a gefe biyu ita ce mafi sauƙi, kuma ita na fi ƙi: ba ta rage gudun faɗowar murfi, sai dai ta fizge shi a ƙarshe, fizgar nan kuma a hankali take sassauta sukuru, ga shi tana tare hannu tana kama yatsa. Ta biyu ita ce hannun ƙarfe mai lanƙwasa da ake ɗaurawa a ciki, musamman mai birki wanda ke saukar da murfi sannu a hankali. Wannan yana da kyau, amma kowanne akwai iyakar nauyin da aka yi shi dominsa, ka duba kafin ka saya. Ta uku, wadda tsofaffin kafintoci ke yi, sanduna biyu ne na katako mai tauri, kamar santimita 2 da 4 da rabi, da ake zarowa daga ƙarƙashin akwatin hagu da dama, murfin ya kwanta a kansu. Ka yi musu rami daidai jikinsu, ka sa ɗan turke a baya don kar a zare su gaba ɗaya, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu ya rage a ciki. Ka manna ƙyalle mai kauri a samansu don kar su goge fuskar murfin. Matsalarsu ɗaya ce: yaro yakan manta ya zaro su. Shi ya sa in na yaro ne nake haɗa biyun, hannun ƙarfe mai birki ya kula da saukowar, sandunan su ɗauki nauyin.

Hinji ka sa dogon nan guda ɗaya mai bin faɗin murfin duka, wanda ake sa wa fiyano, domin yana raba nauyi a kan sukurori masu yawa. Ka ɗan fafe masa wuri ya nutse, yadda in murfin ya kwanta zai zo daidai da daɓen akwatin, takarda ba za ta sarƙe ba. Sukurun kar ya wuce milimita 15, in ba haka ba tsininsa zai leƙo ta fuska. Huda ƙaramin rami kafin kowanne. Fara da guda uku kawai, tsakiya da bakin biyu, ka buɗe ka rufe ka ga zamansa, sannan ka cika sauran.

Yanzu abin da ya fi damuna, wanda mutane da yawa ba sa kawowa a ransu. Da zarar murfin ya buɗe, ya wuce ƙafafun gaba da santimita 35. Duk nauyin da aka danna a bakinsa yana ɗaga bayan teburin ne, kuma teburin yaro ba shi da nauyin da zai yi gardama. Wannan ba tsoratarwa ba ce: a 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun kifo sun kashe yara. Ka ɗaure bayan akwatin da bango da ƙarfe mai kusurwa guda biyu, sukurun ya shiga jikin katako mai kauri, kar ka ɗaura a filawud ɗin baya mai milimita 6. In ba za a iya huda bango ba, ka yi wa ƙafafun dogayen takalma na katako da za su miƙo gaba har kusan inda bakin murfin ke kaiwa. In ka gama, ka buɗe shi ka danna bakin da tafin hannu da ƙarfinka. Matuƙar baya ya ɗaga ko kaɗan, kar ka miƙa mata tukuna.

Wajen haɗa akwatin, gam da sukuru sun wadatar. Kafin gam ya kama, auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye ta ɓangare biyu. In awon bai zo ɗaya ba akwatin ya karkace, kuma murfi ba zai taɓa zama daidai a kansa ba. Kantocin ciki ka yi su 'yan kaɗan, ka ja su baya don kar murfi ya buge su. Farar takarda ta A4 santimita 21 ce da kusan 30, ka bar mata wurin kwanciya.

Gogewa ka bi da sanfefa lamba 120, sai 180, ka ƙare da 220, kuma duk wani baki da kusurwa ka kashe kaifinsa, musamman kusurwoyi biyun gaban murfi da ke daidai cikinta. Fenti ko banish ka zaɓi wanda ake sirkawa da ruwa, ka tabbata an rubuta babu dalma a ciki, domin gubar dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Don wannan dalilin ma, kar ka yi amfani da tsohon katako mai fentin da ba ka san asalinsa ba. Ka shafa fuska biyun murfin adadi ɗaya, kar ɗaya ta riƙa shan danshi fiye da ɗaya. Ko ya bushe a taɓawa, ka bar shi kamar mako biyu a wuri mai iska kafin a rufe littattafai a ciki, in ba haka ba za su manne kuma su ɗauki wari.

In ka auna tsayin gwiwar hannunta da na kujerar, ka turo mana, sai mu fitar da tsawon ƙafafun tare kafin ka sa zarto.