Ciwon ɓarin kai: hoton ƙwaƙwalwa zan biya ko likita zan nema?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 29, malamar firamare ce ni a Kano. Shekara uku ke nan ina fama da ciwon kai na ɓari ɗaya, yana sara kamar ana daka, ga tashin zuciya, ba na son haske ko hayaniya. Da sau biyu yake zuwa a wata, yanzu kusan kullum sai na sha maganin kemis. Duk sanda na je asibitin unguwarmu sai a ce maleriya ce ko taifod. Na tara 'yan kuɗi, ƙawata ta ce in yi hoton ƙwaƙwalwa a asibitin kuɗi. In je?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira migiren. Shi wannan ciwon ba ya fitowa a hoton CT ko MRI. Da bayanin mara lafiya da duba jikinsa ake gane shi. Sai ki biya maƙudan kuɗi a ce miki ƙwaƙwalwa lafiya lau, ki koma gida da ciwonki. In hoton ya zama dole, likitan da ya duba ki shi zai rubuta.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne maganin kullum ɗin nan. Wanda ke shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon watanni, maganin da kansa yana iya mai da ciwon na kullum. In mai haɗi ne da sinadarin kafeyin (irin na kofi), ko irin su tramadol da kodin, kwana 10 a wata ya isa. Ina zargin abin da ya mai da sau biyunki ya koma kullum ke nan. Mai kemis ba zai gano wannan ba, domin shi na yau kawai yake gani.

Ga yadda zan yi da ni ce. Ki sami ƙaramin littafi, daga yau ki riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo, awa nawa ya yi, me kika sha, ƙwaya nawa, ko kina al'ada, ko kin yi barci, ko kin tsallake abinci. Layin asibiti dogo ne, lokacin ganin likita kuma gajere, littafin nan zai faɗi abin da baki zai manta. Ki haɗa da kwalayen duk magungunan da kike sha, har na gargajiya.

Sai ki wuce asibitin unguwa ki tafi babban asibiti. A Kano akwai Asibitin Murtala, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki yi sammako, ki yanki kati, ki fara da sashen GOPD, wato sashen duba marasa lafiyar da ba a kwantar ba, inda likitocin iyali ke zama. Kada ki raina su don ba su ne likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba. Waɗancan kaɗan ne a ƙasar nan, samun ranar ganinsu yakan ɗauki lokaci, kuma yawancin masu wannan ciwo likitan iyali yana iya kula da su. In ya ga lamarin ya fi ƙarfinsa, shi zai ba ki takardar turawa.

Idan kin shiga, kada ki tsaya a "kaina ke ciwo". Ki ce: "Likita, kwana kaza a wata nake ciwon nan, kwana kaza nake shan magani, ko ina buƙatar maganin rigakafi?" Domin maganin iri biyu ne. Akwai na kashe ciwon idan ya taso, kamar sumatriptan, wanda ba a ba mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaitu ba. Akwai kuma na sha kullum don rage zuwansa, kamar propranolol da amitriptyline, tsofaffin magunguna ne masu sauƙin kuɗi. Sukan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a tabbatar da aikinsu, saboda haka kada ki watsar a mako na biyu. Ki faɗa masa in kina da asma, ko juna biyu, ko kina neman haihuwa. In kuma kina ganin walƙiya ko dishi-dishi kafin ciwon ya sauka, kuma kina shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, lallai ya sani, domin haɗuwar biyun na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Amma akwai ciwon kan da ba ya jiran littafi: wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba ki taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar harshe, ko farfaɗiya. Wannan sashen gaggawa za a nufa, ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne ni a Zariya, iyalina ke da ciwon. Muna da inshorar lafiya ta gwamnati, wato NHIA. In kai ta asibitin koyarwa na Shika kai tsaye?

Amsa: Malam, fara da asibitin da kuka zaɓa lokacin rajista. Su za su rubuta turawa, su nemo lambar amincewa daga kamfanin HMO ɗinku, wato wanda ke kula da inshorarku, sannan ku je Shika. In ka tsallake wannan, za ka iya biya daga aljihunka. Maganin da aka rubuta in babu shi a asibitin, ka saya a famasi mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin.